Taken Sarkin Fawa a Filin Gasa

Yanzu in gari ya waye, abin da kunnena yake fara kamawa shi ne gurnanin mukayyif, na'urar nan mai sanyaya ɗaki, sai kuma ƙarar ƙofofin maƙwabta idan sun fita aiki. A can saman wani bene muke a unguwar Zahir, nan Makka, ni da ɗana da iyalinsa, tun da aka rushe unguwarmu ta kan dutse da ke bayan unguwar Mansur. Ba ƙorafi nake yi ba. Ruwa yana zuwa har cikin gida, ba mai hawa dutse da garwa a kafaɗa, gwiwoyina ma sun huta. Sai dai gida ne da ba ka gane kowa da tarinsa ko da jan takalminsa. Mun daɗe muna haɗa bango da wata mata, har yau ban san muryarta ba. Da rana in kowa ya fita, sai in zauna kusa da taga ina ganin motoci suna wucewa ba na jin su, kamar an toshe wa garin baki.

Kwanakin baya jikata Rahaf ta dawo daga makaranta, ta faɗo kusa da ni da wayarta a hannu. Tana jin Hausa, amma in za ta mayar sai ta cakuɗa da Larabci.

"Sitti, shufi! Duba waɗannan, wallahi kamar ba mutane ba."

Na gyara tabarau. Wasu samari da 'yan mata ne a wata ƙasa mai nisa, cike da wani fili mai ciyawa, kayansu iri ɗaya, wasu da ganguna rataye a gaba, wasu da ƙahonin tagulla suna ƙyalli. Suna tafiya suna kiɗa, su watse, su haɗe, su ja da baya ba tare da sun waiwaya ba, sandunansu suna tashi suna sauka kamar hannu ɗaya ne yake riƙe da su duka. Rahaf ta ce gasa ce, duk shekara ake yi, alƙalai suna bin su har cikin fili suna ba da maki.

Na ce, "Ai na san wannan. Yayana Hamza ya yi."

Ta dube ni ta fashe da dariya. "Sidi Hamza mai tsire? Fen, ya Sitti? A ina?"

"A nan Makka."

Ba ta yarda ba, ban kuma ga laifinta ba. Filin da aka yi abin yanzu wani dogon masaukin alhazai ne a kansa, waɗanda suka gani da idonsu kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

A zamanin da nake faɗa, unguwarmu ba ta bukatar agogo. Bayan kiran sallar asuba sai ƙarar garwar masu ɗebo ruwa, sai taɓarya daga gidan mutanen Damagaram, sai mai gurasar tamis yana marin kwaɓi a bakin tanda. Rana tana leƙowa sai begila ta tashi daga makarantar maza da ke gindin dutse, duk wanda bai sa takalmi ba ya san ya makara. 'Yan kashshafa ne suke busawa, yaran nan masu kakin ruwan ƙasa da ɗan ƙyalle a wuya, waɗanda in aikin Hajji ya zo suke riƙe hannun alhajin da ya ɓata su kai shi masauki. An ce a ƙasar Hausa 'yan sikawut ake ce musu. In alhazai sun tafi, gari ya koma namu, sai su koma kan ganga da begila, domin kowace makaranta tana da tata ƙungiyar, kuma sau ɗaya a shekara ake haɗa su a gwada.

Mai koya wa su Yaya wani dogon mutumin Sudan ne, Ustaz Abdulhafiz, tsohon mai busa begila a soja. A leɓensa na sama akwai wani ɗan zagayayyen shati, inda bakin begila ya zauna tun yana saurayi. Shi ne yake ba su labarin asalin abin, Yaya kuma ya kawo mana gida tare da cin tuwo. Wai a fagen yaƙi murya ba ta kai wa nesa, sai aka ba kowace busa ma'anarta: wannan ta tashi daga barci, wannan ta abinci, wannan ta taruwa, wannan ta ja da baya. Da sojoji suka dawo gida suka kasa rabuwa da abin, sai suka koya wa yara, daga nan unguwa ta fara cewa ta fi unguwa. Ita begilar ba ta da maɓalli ko rami ko ɗaya, tagulla ce kawai a naɗe, duk abin da za ta faɗa daga leɓe yake fitowa. Shi ya sa in an ɗebi sababbin yara, duk unguwa takan sani. Sai ka ji kamar akuya ta maƙale a shinge, Inna tana tankaɗe ta ce, "To, yau kuma wa aka kawo yanka?" Su kuma yaran su dawo gida da leɓe a kumbure, iyayensu mata suna shafa musu man shanu suna faɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda alƙalan lokacin suke hukunci. Ba a fara ka da babu a yi ta ƙara maka. Kowa da cikakken makinsa yake shiga fili, sai a yi ta zaftarewa. Sanda ta riga 'yan uwanta sauka, an zaftare. Ƙafa ta fita daga layi, an zaftare. Tun ma kafin a buga ko sau ɗaya, sai an jera su an duba maɓallan riga da takalma da farce. Wato ba a tambayar me ka yi mai kyau, ana neman inda ka yi dabam da sauran ne. A nan ne nawa aikin ya shigo.

Ni yarinya ce da in baƙo ya yi sallama sai in shige bayan randa. A makarantarmu ta mata malama ta daɗe tana zaton ba na jin Larabci, saboda ba na ɗaga hannu. Amma in aka ba ni abu in goge, ba a sake dubawa. In na dawo daga makaranta na cire abaya, sai in zauna a bakin ƙofar ɗaki da rabin lemon tsami da toka a murfin gwangwani, in yi ta murza kan ɗamarar Yaya da ƙarafunan gangarsa har in ga hancina a ciki. Sannan guga, da dutsen guga na gawayi, ina hura shi ina kauda kai kada toka ta ɗiga a kan kaki. Har yau in na yanka lemon tsami, tagulla nake ji a hancina.

Fatun gangunansu kuwa daga wurin Sarkin Fawa suke fitowa, Baba ne kuma yake ɗaura su. Sai na yi bayanin waɗannan mutum biyu, domin in ba a san tsakaninsu ba, ba za a gane abin da ya faru ba.

Mu gidan makaɗa ne. Kakanninmu kalangu suke kaɗa wa mahauta a can ƙasar Katsina, gida ɗaya suke bi, iyaye da kakanni. Da Sarkin Fawa Alhaji Tanko ya yi niyyar Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, Baba yana saurayi ya rataya kalangu ya bi shi. Shekaru suka yi a hanya, suna tsayawa suna fawa suna ƙara gaba. A wani gari Baba ya kwanta ciwon da aka cire rai da shi, ayari ya wuce, Sarki ya ƙi tafiya har sai da ya miƙe. Da suka iso Makka, Baba ya ce nan ba wurin kalangu ba ne. Ya kwance shi ya sa a ƙasan akwati, ya koma yana yanka nama yana fifita wuta a tukubar Sarki a Mansur, inda 'yan gari suke layi suna cewa a ba su sire, wato tsire a bakinsu. Sarauta kuwa babu ita a nan, ba wanda ya naɗa kowa. Amma duk Bahaushen Mansur Sarki yake ce masa, mu kuma yara Baba Sarki.

Kalangu ya shiga akwati, amma hannu bai shiga ba. Kowane babban mahauci yana da takensa, wani ɗan kiɗa da yake nasa shi kaɗai, kuma a gidanmu abin kunya ne mai take ya shigo wuri makaɗinsa yana nan a ji shiru. Na Baba Sarki gajere ne. Yakan fara da gudu-gudu, ya ɗan tsaya kamar mutum ya yi tuntuɓe, sannan ya sauka da nauyi. Yana da kalmomi, amma Baba bai taɓa furta su a gabanmu ba, don haka ban san su ba. Abin da na sani shi ne, da zarar an ji tarin Sarki a lungu, yatsun Baba za su sami wani abu, ko faranti, ko ƙyauren ƙofa, ko cinyarsa, su buga a hankali. Shi kuma Sarki ba ya ko dubansa, sai dai ya ɗan ɗaga sandarsa daga ƙasa, ya wuce ya zauna. Tun Yaya Hamza yana ƙarami, in Sarki ya shigo ya tarar da shi hannu a sake, sai ya ji ranƙwashin Baba.

"Kai, ɗan gidan wa ne kai? Sarki ya shigo kana kallonsa kamar tunkiya?"

Haka Yaya ya tashi. Kafin ya iya Fatiha da kyau, yatsunsa sun iya wannan.

Shi ya sa da ya shiga kashshafa, cikin ɗan lokaci Ustaz ya sa shi a tsakiyar layin masu ƙananan ganguna, inda sauran suke satar kallon hannunsa. Amma shi da Ustaz sun sha rikici. Ustaz yakan ce masa, "Ya Hamza, a nan ganga ba ta hira. Ƙirga take yi. Ka bar mini surutun nan." Baba kuwa in ya ji suna gwaji daga gindin dutse sai ya girgiza kai ya ce wannan wane irin kiɗa ne da ba ya gaida kowa. Duk da haka shi yake jiƙa fatun, ya kankare gashin, ya ja su a kan gangunan da hannunsa. Shi ya koya musu rufe su da ɗanyen tsumma, domin zafin Makka yana ɗaure fata har ta fashe. Da aka fara kawo wa makarantun masu hali fatar roba daga Jidda, aka kawo masa ɗaya ya gani, sai ya danna ta da babban yatsa ya mayar, ya ce wannan ba ta taɓa numfashi ba.

A shekarar da nake ba da labarinta Yaya yana ajin ƙarshe, kuma karatu bai karɓe shi ba. Kowa ya san in ya gama, tukuba ce take jiransa. Ba abin da ya ƙi jini kamar ta. Sai labari ya zo cewa wani hafsa daga badujalar soja zai halarci gasar, kuma daga ƙungiyar da ta zo ta ɗaya zai ɗebi makaɗa. Takardar zama ɗan ƙasa muna da ita, shekarunsa sun kai, hannunsa kuwa ba a magana. Abin da ya rage kawai su ci. Tun daga ranar ya daina wasa da kowa. Ko a wurin cin abinci gwiwarsa yake bugawa da cokali.

Wata rana da la'asar ina masa guga ya tsuguna kusa da ni.

"Auta, in muka ci, ni da warin hayaƙi har abada. Zan sa takalmi mai sheƙi in zo in wuce ta gaban tukuba ina toshe hanci."

Na ce a hankali, "Baba zai jefe ka da mafici."

"Ya jefa mana. Soja ake jifa?" Sai ya ja kunnena. "Ke dai ki kula da wuyan rigar nan. In alƙali ya ga toka, ke zan kai wa hafsa a madadina."

A lokacin Baba Sarki ya daɗe a kwance. Idonsa ya yi rauni, ƙafafunsa sun kumbura, ko masallacin lungu ba ya iya zuwa. Ba wanda ya yi tunanin zai fito.

Ranar gasar, bayan sallar la'asar, mu mata muka hau soron gidan wata ƙawar Inna da yake kallon filin. Katangar soron tana da 'yan ramuka tsakanin bulo, irin na gidajen da, kowa ta kama nata. Ni na sami na can kusurwa, wanda yake nuna mini fili da kuma ƙaramar ƙofar da ke gefe. Maza sun cika wurin. Manya suna kan kujeru a ƙarƙashin rumfa, hafsan yana cikinsu, hularsa a kan gwiwa. Alƙalai suna yawo da alluna a hannu. Makarantu suka yi ta shiga suna fita. 'Yan makarantar unguwar Misfala sun yi kyau ƙwarai, da fatunsu na roba masu ƙara kamar ana fasa dutse, amma na ga hular wani yaro ta faɗi, na kuma ga alƙali ya gani.

Sai namu suka shigo. Kan ɗamarar Yaya yana ɗaukar ido tun daga soro. Suka yi tafiyarsu, suka juya, suka rabu biyu suka haɗe, alƙalin da yake bin layin ganguna yana tafe allonsa a rataye, bai ɗaga alƙalami ba. Akwai wani wuri da Ustaz yake alfahari da shi, wanda ba wata makaranta da take yi. Ana tsakiyar kiɗa sai kowa ya tsaya cak, masu ganga su ɗaga sanduna zuwa saitin hanci, fili ya yi tsit har mutane su fara zaton an manta, sannan begiloli su fashe gaba ɗaya. Sun sha wuya a kan wannan shirun fiye da kowane kiɗa. Kuma in sun tsaya, fuskarsu tana kallon ƙaramar ƙofar nan ce.

Ni na riga kowa ganinsu. Ana gab da tsayawar sai ƙofar ta buɗe, Baba ya shigo riƙe da hannun Baba Sarki. Ashe tsohon ya kafe sai ya zo ya ji fatunsa, suka yi ta jan ƙafa a hanya har suka makara. Ya sa babbar rigarsa ta gida, wadda ban taɓa ganinta a jikinsa ba sai da salla, ta yi masa yawa. Na ga Baba yana ƙoƙarin jan sa bayan mutane. Amma mutanen Mansur ne a wajen, suna ganin Sarki sai suka dare, suka buɗe masa hanya har gaba. Daidai nan ganguna suka ɗauke.

Shiru ya sauka. Tsohon yana tsaye a bakin fili, yana juya kai yana neman inda kiɗan ya tafi. Na ga yatsun Baba suna motsi a kan ƙirjinsa, ba sauti. Na mayar da ido kan Yaya. Sandunansa suna saitin hanci kamar na kowa, sai dai bakinsu yana rawa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai na ga sun sauka.

Gudu-gudu, ɗan tuntuɓe, sannan nauyi. Shi kaɗai, a cikin wannan shirun, a kan fatar akuyar Sarki. Ba a taɓa buga taken nan da ƙarfi haka a garin Makka ba.

Baba Sarki ya miƙar da bayansa. Mutumin da aka shigo da shi a duƙe ya saki hannun Baba, ya ɗaga sandarsa, ba ɗan ɗagawar da ya saba ba, har sama da kansa. Tsofaffin Mansur suka ɗauki sowa, wani yana ihu, "Sarki! Sarki ya daɗe!" A kan soro wata tsohuwa ta saki guɗa, Inna ta kai hannu ta rufe mata baki. Larabawan da ke rumfa suna duban juna, ba su san me ya faru ba. Masu begila kuwa sun rikice, wasu suka shiga, wasu suka jira, abin ya fito a yayyage. Alƙalin nan ya ɗaga allonsa, ya daɗe yana rubutu. Hafsan ya sa hularsa.

'Yan Misfala suka ci. An ce Ustaz bai yi faɗa ba. Ya zo ya tsaya a gaban Yaya ya ce, "Lesh, ya waladi? Don me?" 

Bayan magariba muna tsakar gida. Yaya yana zaune a ƙasa da kakinsa, ko takalmi bai cire ba. Sai ga yaron tukubar Sarki da cinyar rago a faranti an rufe da ƙyalle, wai tukuicin makaɗi. Haka al'adar take, ba a buga wa mahauci take ya tafi bai yanka maka ba. Inna ta karɓa ta rasa inda za ta ajiye.

Baba ya yi gyaran murya. "Hamza."

Yaya ya ɗago kai, Baba ya ci gaba.

"Na so in ɓoye shi a baya. Allah ya sani na so."

"To me ya sa kuka zo, Baba?" in ji Yaya. Ban taɓa jin ya yi wa Baba tambaya irin wannan ba.

"Mutumin da ya zauna da ni ina kwance ayari ya tafi, ya ce in kai shi ya ji ganga, in ce masa a'a?" Baba ya dube shi. "Da ka yi shiru, da ka sami aikinka. Ba zan ce maka ƙarya ba. Amma da ban san inda zan sa fuskata a Mansur ba."

"Ni kuma tawa fa? Yara nawa ne suka sha rana saboda wannan ranar? Gobe in ce musu me?"

"Ka ce musu ɗan gidan makaɗa ne kai."

"Ba su san mene ne wannan ba, Baba! Ba wanda ya sani sai ku!"

Inna ta ce, "Kai Hamza, ubanka ne fa." Ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari ta dafa naman, har maƙwabta suka samu. Yaya bai taɓa ko romon ba. Ni na ci, ina jin kunyar daɗin da ya yi mini.

Baba Sarki bai ga wani aikin Hajjin ba. An ce har ya rasu, duk wanda ya je duba shi sai ya ba shi labarin ranar. Yaya ya gama makaranta ya tafi tukuba, ya yi aiki da 'ya'yan Sarki, daga baya ya buɗe tasa. Ya yi aure, ya aurar, ya kai Baba da Inna makwancinsu. Tsirensa ya yi suna, amma ko sau ɗaya ban ƙara ganin sandar kiɗa a hannunsa ba, bai kuma koya wa 'ya'yansa taken kowa ba. Na daɗe ina son in tambaye shi ko hannunsa ne ya kufce ko shi ya sauke shi da kansa. Kunya ta hana ni muna yara, da muka girma kuma sai na ga tambayar ta tsufa. Ita ma begilar safe ban san ranar da ta daina ba. Wata rana dai na lura ƙararrawar lantarki ce take kiran yara, kuma ta daɗe tana yi. Kalangun Baba yana cikin akwati har ranar da aka ce mu kwashe kaya za a rushe. Da muka buɗe, ƙwari sun cinye fatar, icen ya tsage. A nan muka bar shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ce wa ɗana ya kai ni wurin Yaya, na ce Rahaf ta zo da wayarta. Yanzu a wurin babbar 'yarsa yake, kunnensa ya yi nauyi, hayaƙin shekaru ya cinye masa ido ɗaya. Muka same shi a kan kujera, an rufa masa bargo a ƙafa saboda sanyin mukayyif.

"Auta, ke ce? Kin tsufa."

"Na bi sahunka ne, Yaya."

Rahaf ta durƙusa ta kai bakinta kunnensa. "Sidi, Sitti ta ce wai kai ma ka yi wannan. Sahih? Da gaske?"

Ta riƙe masa wayar dab da idonsa mai gani, ta ƙure ƙara. Ya ƙura ido. Da aka nuno layin masu ganga sai ya matso, ya sa yatsa a kan gilashin.

"Wannan na gefen yana ɗaga kafaɗa. Da Ustaz ne da ya sha sanda." Ya ci gaba da kallo. "Amma sun iya. Wallahi sun iya. Ko mu ba mu kai haka ba."

Aka juya aka nuno 'yan kallo, mutane maƙil har sama, suna tafi. Ya daɗe a kansu.

"Duk waɗannan sun zo kallonsu?"

"Aiwa, Sidi. Dubbai."

"To a cikinsu wa suka sani?"

Rahaf ta dube ni, ba ta gane tambayar ba. Ya mayar mata da wayar, ya jingina, ya rufe ido.

"Ba su san kowa ba," ya ce. "Shi ya sa hannunsu ba ya rawa."

Na kasa gane ko tausayinsu yake ji ko sha'awarsu, kuma ban tambaya ba. Aka kawo shayi. Yana jiran nasa ya huce na dubi hannunsa a kan bargo, na daɗe ina dubawa. Yatsun suna kwance, ba su motsa ba.